In Firinta Ta Tashi, Intanet Ya Kwanta

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

A bayan littafin awon kaya nake wannan rubutu, tunda ɗinkin ma na ajiye shi sai yadda hali ya yi.

Likitar magana ta zo ɗazu duba maigidana, wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Ta ce in buga wa Malam hotuna manya, kowace takarda hoto ɗaya: kofi, gado, banɗaki, tabarau, fanka. In yana son abu ya nuna da yatsa. Ta ce in haɗa da na ƴaƴansa da jikarsa, ina faɗin sunan yana ji. Na ce mata ai wannan mai sauƙi ne, muna da firinta a ɗakin zanensa. Bakina ne ya ja mini.

Tun da Malam ya fara zanen gidaje a ɗakin nan, tsakanina da kayan cikinsa sai goge ƙura. Kwamfutarsa ce mai naɗewa, da firinta ƙatuwa kamar akwatin aure, da wani ɗan akwatin intanet a kan kanta mai ƴan fitilu kore. Da akwai kebul daga firintar zuwa akwatin. Ya tsinke ranar nan da Malam ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin, shi da fitilar tebur da ƙafar kujera ɗaya. Har bakin da ake soka shi a bayan firintar ya ɓalle. Auta, kafin ya koma garin da yake aiki, ya ce ya haɗa su ta iska, ba sai da kebul ba, ya nuna mini inda zan danna.

Na danna. Kofi ya fito. Har na yi wa kaina kirari.

Litinin, bayan la'asar

Babbar yarinyarmu ta saba kiran bidiyo kullum war haka. Nakan ɗora kwamfutar a kan tire in kai wa Malam falo inda muka sa masa gado, don a waya fuska ta yi masa ƙanƙanta yanzu. Yau mun zauna, mun zauna, shiru. Sai ga ta a wayata: "Umma, lafiya? Ina ta kira ba ya shiga."

Babu intanet a kwamfutar. Amma ga shi a wayata, daga akwati guda. To ta yaya?

Malam ya kalli fuskar kwamfutar, ya kalle ni, ya ce, "Madalla."

Talata, 4 ga wata, da safe

Ya ci abinci. Ya sha magani.

Talata, da azahar

Keken ɗinki ya koya mini abu guda. In zare yana tsinkewa, ba ka canza allura da zare da kwarkwaro lokaci ɗaya. Ɗaya za ka taɓa, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Haka na yi yau da ya samu barci.

Na kashe kwamfutar na kunna. Babu. Na matsar da ita kusa da akwatin har suna gogar juna. Babu. Na zare soket ɗin firinta don in samu wurin sa cajin wayata, ba ma da niyyar gwaji ba, sai ga saƙonni suna ta shigowa kwamfutar kamar an buɗe famfo.

Na mayar da soket ɗin. Firinta ta yi ƴan gurnaninta ta farka. Ban gama gyara ɗaurin ɗankwalina ba intanet ya ɗauke. Na zare, ya dawo. Na mayar, ya ɗauke.

Ikon Allah. Me ya haɗa injin buga takarda da intanet? Wannan tawada take sha, wancan ko ganinsa ba a yi. Na daɗe zaune ina kallonsu. Sai da na tashi na lura a inda na zauna. Ban taɓa daɗewa haka a ɗakin ba tun ranar nan.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Yaya ta zo da jakarta, ta ce za ta kwana biyu. Yayar Malam ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau da jikata da furfurata "Amarya" take ce mini.

Ta same ni durƙushe a bayan firinta. Ta riƙe haɓa. "Amarya, miji yana falo ke kina nan kina hira da inji?"

Na ce, "Yaya, aikinsa nake yi. Hotunan likita ne."

"Ni da za a bi ta tawa, a rufe ɗakin nan a ba ni makullin. Ko ƙofarsa ba na son gani."

Shi ma ba ya so. In muna ƴar tafiyar da aka ce ya riƙa yi a baranda, da mun zo saitin ƙofar sai ya kau da kai.

Yanzu dai na samu dabara. Da safe firinta, da la'asar in zare ta don yarinyar ta kira. Amma abin yana cina.

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi

Ya nuna hoton fanka, na kunna masa fanka, ya ɓata rai. Ashe kashewa yake so a yi wa ta ɗaki, ƙararta ta dame shi. Hoto ba ya cewa kunna ko kashe. Zan gaya wa likita.

Kalma ɗaya muka dawo da ita gida daga asibiti. In ya ji daɗi madalla, in ya ji zafi madalla. Jiya Yaya ta taka masa ƙafa da kujera, ya ce madalla da ƙarfi, ita kuma ta ce, "Madalla da me, ɗan nema?" Sai ta fita tsakar gida ta daɗe.

Juma'a, 7 ga wata, da azahar

Na kama ta!

A can ƙasan fuskar kwamfutar akwai wata ƴar alama kamar mafici. Na danna, sai ga jerin sunaye. Ashe duk intanet ɗin unguwa yana yawo a cikin ɗakinmu ba mu sani ba. Ga na mai kemis. Ga wani ya sa wa nasa "Sayi Naka". Na ci dariya ni kaɗai, ina zargin mutumin bene ne, halinsa ne. Ga namu a sama, an rubuta an haɗa.

Na bar jerin a buɗe na kunna firinta, na zuba ido. Sai ga sabon suna ya ɓullo, irin wanda ke rubuce a goshin firintar. Ina kallo ƙiri-ƙiri kwamfutar ta saki namu ta koma wancan.

Na kira Auta. Yana cikin hayaniya.

"Auta, firintar nan ita ma tana da nata intanet ɗin ne?"

"Ba intanet ba ne, Umma, ƴar hanya ce tsakaninta da kwamfuta kawai. Ni na haɗa su. Au! Na sa mata ta riƙa kamawa da kanta ko? Wallahi kaina ba ya tare da ni ranar."

"Kan wa ke tare da shi. To me ya hana ta riƙe biyun?"

"Ɗaya take iyawa. Gyaran shi ne a shigar da firintar cikin akwatin gida, kowa ya bi ta can. Amma sai da kalmar sirrin da Abba ya sa."

"Ba ka san ta ba?"

"Shi yake karɓar waya ya sa wa mutum da kansa. Ana iya tono ta, amma sai na zo. Umma, ya jikin nasa?"

Na ce da sauƙi.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Na gwada sunan yarinyar, na gwada na Auta, na jikar, na mahaifiyarsa, lambar motarsa. Na gwada nawa, na ainihi da wanda yake kirana da shi in ba kowa. Firinta ta ce a'a duk.

Me mutum irin Malam zai zaɓa? Mutumin da ko takalminsa sai ya jera su kai ɗaya. Na zata babu lungun da ban sani ba a kansa.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Bai kamata in yi ba, amma na yi. Na kai masa takarda da biro, na sa masa a hannun hagu. Na ce, "Malam, kalmar akwatin intanet nake nema. In ta zo, to. In ba ta zo ba, babu komai."

Idonsa ya yi haske. Ya gane sarai. Ya gyara zama, ya danne takardar da gwiwar hannu. Ya rubuta harafi ɗaya, a karkace amma ana karantawa. Ya ɗaga biron ya sake saukewa, harafin nan ne dai ya sake fitowa. Ya sake, shi ne. Har layin ya cika.

Ya tsaya yana kallon takardar. Mutumin da yake jan layi a miƙe ba tare da rula ba.

Na ce bari in duba abinci a wuta. Babu komai a wuta.

Litinin, 10 ga wata, da safe

Ya ci kaɗan. Ya sha magani. Bai kalli hotunan ba.

Talata, 11 ga wata, da la'asar

Abokin aikinsa ya zo ya kwashi zanen da ba a ƙarasa ba. Yana ta magana da Malam da ƙarfi kamar kurma, yana ta "ai kwana nawa ne za ka dawo." Da zai fita ya tambaye ni a hankali ko zai tafi da kwamfutar, tunda dai. Bai ƙarasa ba. Na ce ana amfani da ita.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

Auta ya ce akwai wani ɗan rami a bayan akwatin. In aka soka tsinke aka danne, zai manta duk abin da aka taɓa gaya masa, ya koma kamar ranar da aka sayo shi. Sai a shiga da kalmar da ke manne a gindinsa, a sa sabuwa.

Na ciro fil daga ƙullin ɗinkina. Na daɗe riƙe da shi. In na danna, kalmar Malam ta tafi ke nan, ba zan taɓa sanin mece ce ba sai in shi ya faɗa.

Na leƙa falo na ce, "Malam, zan goge." Yana kallon taga. Na danna.

Fitilun suka mutu, suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Auta yana kan waya yana ce mini danna nan, rubuta can. Na sa tawa kalmar. Ba zan rubuta ta a nan ba. Na je na raɗa masa a kunne, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Na shigar da kwamfuta, da wayata, da ta Yaya, sannan firinta. Sunan firintar ya ɓace daga jerin. Na buga hoton buta, ya fito, intanet yana nan daram. Yaya ta ce, "To Injiniya, a ba mu shayi ko sai mun cike takarda?"

Alhamis, 13 ga wata, bayan la'asar

Murna ta koma ciki.

Yau ban zare firinta ba, tunda na gyara. Yarinyar ta kira, tana cikin cewa "Abba, ka ga..." fuskarta ta daskare, baki a buɗe. Ta dawo, ta sake daskarewa. Malam ya miƙa hannu ya taɓa gilashin. Na tura hoton cokali, rabin cokali ya fito, firinta ta tsaya da takarda a baki.

Da can ɗaya yana korar ɗaya ne. Yanzu duka biyun suna nan, duka biyun suna ɗingishi. Wannan wani sabon ciwo ne, ba na jiya ba.

Wani rubutun Turanci ya fito a kusurwa. Da ɗan abin da na tsinta a makaranta na gane yana cewa wai akwai wata na'ura mai adireshi iri ɗaya da wannan. Adireshi kuma? Su ma gidaje gare su?

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Yarinyar ta kira ni a waya, ta ce in fita tsakar gida.

"Umma, don Allah ki bar injin nan. A kai shago a buga mana."

"Likita duk bayan kwana biyu sai ta canza hotuna. Wa zai yi ta zirga-zirga?"

"To ku taho nan wajenmu. Mun yi magana da baban yara, akwai ɗaki a ƙasa. Ke ma kin rame, jiya na gani. Kuma takardar da suka ba ku ranar sallama, na nuna wa wani likita a nan, ya ce..."

Na ce mata ana sallama a ƙofa.

Gaskiyarta ne, ana iya kaiwa shago. Amma ni so nake in sani. Duk abin da ake gaya mini kwanakin nan, ƙarshensa "sai a hankali" ne, ko "sai abin da Allah ya yi." Wannan kuwa na tabbata yana da dalili, kuma dalilin yana cikin ɗakin nan.

Asabar, 15 ga wata, da safe

Ya ci abinci. Ya sha magani. An yi masa aski.

Litinin, 17 ga wata, da azahar

Tawada ta yi ƙasa, hoton tabarau ya fito kamar fatalwa. Yaya ta ce in je in sayo, za ta zauna da ƙanenta. Rabona da titi tun da muka dawo. Har an gama ginin kan kwana an sa masa gilasai, mai faci ya koma tsallake. Rana ta yi mini yawa a ido.

Shagon ɗan tsukuku ne, kwalaye har rufi, injin kwafi yana ta huci a gefe. Mai shagon wata mace ce da tsohon ciki, ta ɗora ƙafafu a kan kwali. Tana neman irin tawadata na ce bari in gwada sa'a.

"Ƴar nan, wai na'ura tana da adireshi?"

"Sosai ma, Mama. Akwatin nan na intanet duk wanda ya shigo sai ya ba shi lamba. Waya lamba, kwamfuta lamba. Da ita yake gane wa zai kai wa saƙo."

"To in biyu suka samu lamba ɗaya fa?"

"Kin ga gida biyu lamba ɗaya a layi guda. Mai kawo saƙo yau ya ba wannan, gobe ya ba wancan."

"Shi akwatin ba shi da hankali ne zai ba mutum biyu lamba ɗaya?"

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ba ya yi. Sai dai in wani ya rubuta wa firintar tata da hannu, ta riƙe abarta, akwatin bai sani ba ya ba wani. Wa ya haɗa muku tun farko?"

"Maigidana."

"To ki tambaye shi mana."

Na ce ta sa mini tawadar a leda. Ta dube ni. Sai ta jawo wata firinta ta nuna mini a ɗan gilashinta inda ake shiga a ga lambar, da inda ake zaɓar ko da hannu ko ta karɓa da kanta. Ta sa na yi da yatsana har sau biyu. Da zan tafi ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, Mama." Ban ce mata ba shi da lafiya ba.

Talata, 18 ga wata, da hantsi

Lambar doguwa ce, da ɗigo-ɗigo a tsakani, amma ta ce wutsiyar kawai zan duba. Ta firinta: huɗu, kuma an rubuta da hannu aka sa. Na bi inda Auta ya kwatanta mini na duba ta kwamfuta. Huɗu.

Na tafa hannu ni kaɗai. Wato Malam ya ba firinta huɗu, ya gaya wa akwatin kada ya ba kowa. Ni kuma na zo da fil ɗina na sa akwatin ya manta. Kowa da gaskiyarsa.

Na mayar da ita ta karɓa da kanta. Akwatin ya ba ta bakwai. Na cire ta daga kwamfutar na sake shigar da ita. Cokali ya fito cikakke.

Na ɗaga kai, sai ga Malam a bakin ƙofa da sandarsa, Yaya tana riƙe da shi. Bai shigo ba, amma bai kau da kai ba. Na ce, "Malam, huɗunka ce ta haɗa faɗa, na cire ta." Ya girgiza kai. Na ɗauka mamakina yake yi.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Yau da daɗi. Yarinyar ta kira, fuska tar, ba daskarewa. Jikar ta hau cinyarta tana ta zuba, wai ta zana gida irin na Kaka. Na ce a turo. Suna kan layi na danna, muka ji firinta ta amsa daga ɗaki, Yaya ta je ta ɗauko da ɗuminta.

Gida ne mai taga bakwai, babu ƙofa. Malam ya ɗora a cinya ya daɗe yana dubawa. Ya karɓi biro da hagu, ya ja ƴan layuka uku a ƙasa, a karkace. Ya ɗaga mata.

Ta ce, "Kaka ya ɓata mini gida!"

Uwarta ta ce, "Ƙofa ya sa miki, ke da wa zai shiga ta taga?" Sai ta juyar da fuskarta gefe, ta ce wai girki take dubawa. Gado ba karambani ba.

Alhamis, 20 ga wata, da safe

Ya ci abinci, har ya nuna a ƙara.

Asabar, 22 ga wata, da azahar

An ɗauke wuta da safe, an dawo da ita. Intanet lafiya lau. Firinta a kunne, fitilarta kore, amma kwamfuta ta ce ba ta gan ta ba.

Na duba ɗan gilashin. Bakwai ta zama tara. Da wuta ta dawo akwatin ya sake rabo, wanda ya riga farkawa ya riga samu. Kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa bakwai.

Na fito falo da takarda fara a hannu. Na ce, "Malam, dalilin da ya sa ka ɗaure ta a lamba ɗaya ke nan? Don kada ta riƙa yawo?"

Ya lumshe ido, kafaɗarsa tana rawa. Dariya yake yi mini. Ya ce, "Madalla." Tun da muka dawo, yau ne kalmar ta faɗa a gurbinta.

Lahadi, 23 ga wata, da yamma

Likitan asibitin da aka kwantar da shi ya ce mu koma ranar Alhamis a sake ɗaukar hoton kai. Ban gaya wa yaran ba tukuna.

Ina ta tunani. Da hannu, faɗa. Da kanta, yawo. To in aka ɗaure ta da hannu amma a can nesa, inda rabon akwatin ba zai kai ba fa? Mu nawa ne a gidan? Ko masu dubiya sun cika falo ba za mu kai hamsin ba.

Talata, 25 ga wata, da hantsi

Bari in rubuta wannan da ɗuminsa.

Ina tsaye gaban firinta na ji ƙarar sanda a bayana. Shi kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli wurin da ya faɗi kusa da teburinsa, ya kalli ƙasa. Na yi kamar ban gani ba. Ya shigo. Na tura masa kujerar ɗinkina da ƙafa, ya zauna.

Na ce, "Zan mayar da ita da hannu, yadda ka yi."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga yatsu huɗu.

"Huɗu akwai mai ita yanzu. Ɗari biyu zan sa."

Ya sake ɗaga huɗu, har yana kaɗa su.

"Malam, kwamfuta ce a huɗu. In na sa, mun koma gidan jiya."

Ya nuna akwatin da sanda, ya nuna firinta, ya nuna huɗu. Na gane nufinsa, in je in gaya wa akwatin ya ware huɗu kamar da. Na ce ban san hanyar ba, kuma ga hanya mai sauƙi. Na fara dannawa. Biyu. Sifili.

Ya buga sandar a ƙasa.

Ban san lokacin da na juyo ba. Na ce, "Kai dai komai sai yadda ka tsara! Ko labule na canza sai ka ce ba haka ba. Wa ya yi ta fama da abin nan? Wa ya je shago? Da ka gaya wa mutane kalmarka tun farko, da duk wannan ta taso? Taurin kai dai, tun kana saurayi!"

Yaya ta shigo da gudu da ludayi a hannu. "Amarya! Kin haukace? Marar lafiya kike yi wa ihu?"

Na kai yatsa zan danna sifilin ƙarshe. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa yana ta kokawa. Sai ya ce, "A'a."

Ludayin yana ɗiga a kan tayil.

Ya sake cewa, da ƙarfi, yana kallona cikin ido, "A'a!"

Yaya ta zauna a ƙasa daɓas tana salati. Ni kuwa ban san me ya shige ni ba, na ce, "Na ji. A'a ɗin ce dai, amma ɗari biyu zan sa." Na danna.

Ya miƙe. Na kai hannu zan riƙe shi, ya ture. Ya fita da ƙafarsa har falo, ba wanda ya taɓa shi.

Talata, da la'asar

Na sake shigar da ita a kwamfutar. Na je na kashe wutar gidan gaba ɗaya da hannuna, na kunna, don in gani. Tana nan a ɗari biyu. Yarinyar ta kira, lafiya lau. Na ce, "Abbanku yana da sabon labari," ya ƙi ko kallon inda nake.

Laraba, 26 ga wata, da safe

Gobe za mu koma. Na haɗa jaka ko da za su riƙe mu.

Likitar magana ta zo, ta tambaye shi ko sunansa kofi, ya ce mata a'a, ta kusa yin tsalle. Yaya ta kawo masa shayi ya ce mata madalla. Ni na kawo magani, ya karɓa ya juya mini ƙeya. Tun jiya ko madalla ban samu ba.

Yaya ta ce in je in ba shi haƙuri. Ba zan je ba tukuna. Rabon da Malam ya yi mini shiru da gangan har na manta, bari in ɗan more.